Damina huɗu, shekara ukku

Yau da safe a ƙofar jardan, makarantar ƙananan yara ta nan Filinge, madan malamarsu ta dubi ɗiyata Zali ta ce, "Masu shekara huɗu muke ɗauka. Nawa gare ta?"

Na ce ukku. Innata da ta rako mu ta harare ni: "Huɗu dai! Da ruwan fari aka haife ta, damina huɗu ina goya ta zuwa gona."

Na ƙirga da yatsu, wallahi Inna ta yi gaskiya. Madan ta ƙirga watanni, ita ma ta yi gaskiya. Ta ce sai baɗi.

Har yanzu Zali ta ƙi cire sabbin takalmanta, tana tambayata ko ta girma.

Jama'a, mi zan ce ma yarinyar ga?