Duwatsun Baba Uku a Yamai

Asabar, Dogon Dutsi zuwa Dosso

Ƙarfe biyar da kwata na asuba motarmu ta bar tashar Dutsi, ina riƙe da ƙunshin da ya hana gidanmu zaman lafiya. Baƙaƙen duwatsu ne uku da muka tarar a akwatin Baba bayan rasuwarsa. A ƙuruciyarsa ya yi aikin haƙar ma'adinai a Ayar. Yayana Sanusi ya rantse baƙin daimon ne, ƙanena Illa ya ce tsakuwa ce, har suka daina gaisawa, rabon gado ya tsaya. Inna tana takaba, ba wanda ya so ya dame ta. Ni tela ne, ban san dutse ba, amma ni suka yarda da shi, aka ce in je Yamai in tambayo.

Kafin Dosso jandarma ya kwance ƙunshin, ya juya ɗaya a hannu.

"Wannan na sama ne, irin mai faɗowa. Ka ɓoye shi."

Na shiga mota da ra'ayi na uku. A Dosso na ci dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, na dala hamsin, ƙarfe takwas muka wuce.

Yamai, Bukoki da Babbar Kasuwa

Kilomita ɗari biyu da saba'in da 'yan kai, muka sauka sha ɗaya saura. Na sauka unguwar Bukoki wajen Kawu Idi, ƙanen Inna, direban taksi. Bayan azahar ya kai ni wajen wani Buzu maƙerin azurfa a bayan kasuwa. Ya ɗaga dogon mai zane-zane.

"Turmalin. Ana sa shi a zobe, amma wannan ya tsage."

Mai nauyin kuwa, Buzun ya ce kuza ne. Na ukun, mai ƙyalli kamar madubi, ya ce bai sani ba. Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce duk gawayin ƙasa ne. Wani dillali kuma ya bi mu har bakin taksi yana cewa na ukun kawai yake so, da azurfa a cikinsa.

"Kawu, wa zan yarda da shi?"

"Ɗana, ni hanya na sani."

Litinin, ɗakin awon duwatsu

Lahadi ba aiki, na wuni ina kallon ƙunshin. Litinin ƙarfe tara muka haye gada zuwa wani ɗakin awo. Wata madam Bazabarma ta karce kowanne, ta auna, ta rubuta sunayensu da Faransanci, wanda ba na karantawa.

"Madam, akwai daimon?"

"Babu, ko kaɗan. Biyu daga ciki, gaskiyar Buzu ce. Wannan mai haske, galen. Dalma ce ciki, yara kar su sa baki."

"To dillalin da ya ce azurfa?"

"Wani lokaci akwai, wani lokaci babu."

Na fito kaina ya fi na shiga nauyi. Ban sayar da ko ɗaya ba.

Talata, gida

Mun tashi ƙarfe shida, taya ta fashe a Birnin Gaure, sai la'asar na iso. Na shimfiɗa duwatsun a tabarma, Sanusi a wannan gefe, Illa a wancan. Ina cikin bayani, ina haɗa maganar jandarma da ta madam, sai Inna ta miƙo hannu ta ɗauki mai ƙyallin.

"Wa ya ba ku wannan? Kwallina ne. Ubanku ya kawo mini shi shekarar da na haifi Sanusi, ina ɓantara ina niƙawa. Ragowar na ba shi ajiya."

"Inna, an ce da dalma a ciki."

"A ce."

Illa ne ya fara dariya, Sanusi ya daure, ya kasa. Da magariba tare suka tafi masallaci. Washegari aka raba gona, Inna ta riƙe kwallinta, sauran biyun aka bar mini ladan tafiya. Har yau ban san me zan yi da su ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Kawu Idi da ya yi asarar aikin kwana biyu saboda ni. Allah ya jiƙan Baba.