Baitin da Ƙanwata Ta Zubar

A shekarun da rikici ya tsananta, biki a Jimeta ya koma cikin gida. Ba a tara jama'a a bakin titi. A rufe ƙofa, a caje jakar kowa, a watse kafin magariba. A wannan ƙuncin ƙanwata ta zama mawaƙiya, domin makaɗa maza ba sa shiga tsakar gida, ita kuwa tana da murya, da sifika mai batir, da ƙugun da bai san zaman makoki ba.

Ranar da ta saki bidiyonta na farko, wanda aka ɗauka mata a Sangere, na kalle shi har wayata ta mutu. Waƙar mace ce mai gaya wa mijinta abin da take so a ɗaki, ba kwana-kwana, ga atamfa ta kama jiki, ga rawa. Ni da nake koyar da 'yan mata natsuwa, na yi ta tsalle kamar ni na ci jarrabawa.

Maza suka kalla, suka yi shiru, suka tura wa juna. Mata ne suka ɗauki alƙalanci. A ofishin malamai, abokiyar aikina mai koyar da adabi, wadda ta shekara tana fassara wa yara waƙoƙin soyayya, ta ce, "Malama, wannan ƙanwar taki ba ta da manya ne?"

Na ce, "Tana da ni."

Ta ce, "Abin da nake nufi ke nan."

Da a baki abin ya tsaya, da sauƙi. Goggonmu ta Yola, yayar babanmu, za ta aurar da jikarta, kuma ta riga ta ba ƙanwata waƙar ranar lalle. Duk uwar da ke da 'ya a hannu za ta halarta. In dangi suka cire ta daga bikinsu, ba wanda zai sake kiranta. Matan gida suka yi ta sintiri wurin Goggo a kan a cire ta, har ta aiko mu zo.

Muka shiga keke-napep, ƙanwata ta lulluɓe kamar mai zuwa ta'aziyya. Goggo idonta ya yi rauni, ba ta ga bidiyon ba. Ta ce a kunna. Ta saurara har ƙarshe, carbi na tafiya a hannunta.

Ta ce, "A ina kika samo wannan?"

Ƙanwata ta ce, "A ɗakinki, Goggo. Ranar lallen Adda."

Addar ni ce, wato yaya da Fulatanci. A gidanmu, ranar lalle tsofaffi kan kori yara, su rufe ƙofa da amarya, su rera mata da Fulatanci abin da uwa ba za ta iya faɗa ba. Ashe ƙanwata, tana yarinya, ta laɓe a bayan gado ta kwashe shi tas. Hausa kawai ta sa masa, da ganga. Ni tun jin farko na gane shi, shi ya sa na yi tsalle.

Goggo ta ce, "Mu a bayan ƙofa muke yi, ba a gaban 'yan keke ba."

Muka sunkuyar da kai.

Ta ce, "Kuma kin zubar da baiti na uku. Shi ne mai amfanin. Ki zo ranar, amma a karɓe waya a bakin ƙofa."

Haka aka yi. Masu cajin jaka suka tara wayoyi a roba. Ƙanwata ta fara, tsakar gida ta yi tsit, kowa na satar kallon ta kusa da ita. Da aka zo baiti na uku Goggo ta miƙo hannu aka ba ta makirufo. Ban taɓa jin guɗa irin ta ranar ba. Matan da suka yi sintirin su ne suka fara cire mayafi. Malamar adabi ma dangin ango ce, na gan ta tana neman ɗankwalinta a ƙasa. Kafin a raba wayoyi, iyaye mata sun kewaye ƙanwata suna tambayar ranakun da ba ta da biki.

Da muka koma makaranta malamar ta ce har yanzu bidiyon bai dace ba, kuma ra'ayinta ke nan har yau. Bara ta aurar da 'yarta. Ƙanwata ce ta yi waƙar, baiti uku cif.