Sunan Ɗan Fari a Littafin Mutuwa

Shekara biyu na yi ina riƙe da littafin mutuwa a ofishin En'e na Haɗeja, zamanin Turawa. Aiki ne da ba wanda ke so, shi ya sa aka ɗora mini, don ni ne sabon shiga. Littafin ƙato ne mai baƙin bango, kowane shafi an tsaga shi gida biyar: suna, sunan uba, gari, ciwon ajali, da rana. Masu unguwa su kawo nasu da baki, malamin asibiti ya aiko da nasa a rubuce, ni kuma in kwafe. Duk wanda alƙali ya nemi shaidar mutuwa a wurinsa, wajena ake turo shi, in duba, in rubuta masa takarda a buga hatimi.

Ni kuwa a lokacin, Allah Ya yafe mana, ji nake kamar ni na ƙirƙiro boko. Ga gajeren wandon kaki, ga alƙalami a aljihu, ga zuciya a kusa. Har yau zuciyar tana nan, wandon ne dai ya tafi.

Wata ranar kasuwa da kaka, ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, sai ga wata dattijuwa Bafillatana ta tsuguna a bakin ƙofata. Ƙafafunta duk laka har ƙwauri. Ta sauke ƙwaryar nono, ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, har na fara ƙwanƙwasa tebur da alƙalami.

"Malam," in ji ta, "alƙali ya turo ni. An ce kai ke riƙe da waɗanda suka tafi."

Rugarsu tana can wajen Baturiya. Ɗanta ya bar kiwo bayan ciwo ya cinye musu yawancin shanu, ya tafi dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa. Da bazarar da ta wuce, lokacin da sanƙarau ya shigo, wani mai jaki ya ce ya ga an ɗauke shi zuwa bukkokin da aka kafa wa masu ciwon a bayan gari. Daga nan shiru. Ya bar matarsa da goyo. Alƙali ya ce ko shaidu biyu da suka ga gawa, ko takarda daga littafi. In babu, matar ta zauna shekara huɗu tana jira.

"Yarinyar tana gabana, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba," ta ce. "Ni ma ban sani ba, sadaka zan yi masa ko hanya zan ci gaba da dubawa."

Na jawo littafi, na ce, "To, sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaron dai. Dogo ne, yana da tabon ƙaho a nan." Ta taɓa haɓarta.

"Inna, littafi ba ya ɗaukar tabo. Suna nake tambaya."

Ta ci gaba da kallon ƙasa.

"To sunan ubansa?"

Ta ƙara sunkuyawa. Mijinta ke nan, ko da yake ya daɗe da rasuwa.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce mata mutanen da sanƙarau ya kwashe sun cika shafi a kan shafi, ni ba boka ba ne da zan zaƙulo mutum da tabo. Ta je ta zo da namiji mai baki. Ta ce mazan sun bi sauran shanu gabas, kuma ko suna nan ba za su taka ofishin da ake rubuta jangali ba. Na ce ta kawo matar. Ta dube ni kamar na faɗi abin kunya a tsakar kasuwa, ta ce, "Ita ta faɗi sunan mijinta?"

Na rufe littafin da ƙarfi, na ce ba suna, ba takarda. Ta ce, "To, Malam, a huta gajiya," ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga ta. Ba ta shigo ba, ta zauna gindin tsamiyar da ke fuskantar tagata har aka tashi. Mako na uku ma haka. In na ɗaga kai in gan ta, in na sunkuya in ji idonta a ƙeyata. Kuma na san abin da zuwan yake ci mata: tafiyar ƙafa cikin taɓo, da jiran masunta su tsallakar da ita a kwalekwale. Haushinta nake ji, ina kuma jin haushin kaina, na rasa wanne ya fi.

Kada wani ya ɗauka ban san abin da ke hana ta ba. Na sani sarai. Ɗan fari ne, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ni kaina ɗan fari ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. "Kai wannan," ko ta ce wa ƙanwata, "Ce wa wancan tuwonsa na hucewa." Ina ƙarami na ɗauka ba ta ƙaunata ne, abin ya daɗe yana ci mini rai. Da na shiga makaranta sai na sa al'adar cikin abubuwan da na fi ƙarfinsu.

Ranar zuwanta na uku na koma gida da la'asar ina ta mita. Mahaifiyata na tankaɗe a tsakar gida, na zazzage mata labarin kaf, ina jiran ta ce na yi daidai. Ba ta ko ɗago ba.

"Kai ka haife shi?" ta ce.

Na ce a'a.

"To kai me ya kama bakinka? Ita faɗa ne ba ta iyawa. Kunnenta lafiya lau yake."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Na tsaya kamar an dasa ni, da bokona da komai.

Da ranar kasuwa ta dawo, ni na fita da kaina har gindin tsamiya. Na ce, "Inna, shigo." Na shimfiɗa mata tabarmar sallata. Na ce zan karanto mazan da suka rasu a bukkokin bayan gari da bazarar nan, ɗaya bayan ɗaya, ita dai ta saurara. Ba sai ta ce komai ba.

Ta ɗauke faifan da ke rufe da ƙwaryarta ta riƙe a cinya, tana murza bakinsa da yatsa.

Na fara. Ni na kwafe sunayen nan da hannuna, amma ban taɓa jin su ba sai ran nan. A rubuce layi ne kawai. Da na ɗaga murya sai suka zama mutane: wane ɗan wane, masunci daga Kirikasamma, wane ɗan wane, daga Birniwa, wani ma ba a san garinsu ba, an bar gidan fili. Kowane suna na faɗa sai in saci kallon yatsanta.

Sau biyu yatsan ya tsaya cak. Sau biyun kuma, da na karanto sunan uba, sai ya ci gaba da murza faifai. Sunan ɗan nata irin wanda kowane gida ke da shi ne. Na tsinci kaina ina roƙon Allah a zuci mu kai ƙarshen shafukan ba mu same shi ba, alhali na san rashin samun nasa shekara huɗu ne a kan wata baiwar Allah.

Can ƙasan shafi na huɗu yatsan ya sake tsayawa. Na karanto sunan uba. Bai motsa ba. Na karanto gari: ruga, wajen Baturiya.

"Ya isa, Malam," ta ce.

Ta tambaye ni wace rana ce ya rasu. Na ce Laraba. Ta yi salati a hankali, ta mayar da faifai kan ƙwarya, ta daidaita shi. Ko ɗigon hawaye ban gani ba. Ni ne ma na tsiri neman abin goge tawada a ƙarƙashin tebur, don kada ta ga fuskata.

Na rubuta takardar da mafi kyawun rubutun da na iya, na kai wa babban akawu ya buga hatimi, na kawo mata. Na ce ta kai wa alƙali, surukarta ta fita daga jira. Ta naɗe ta ƙanana, ta ƙulle a bakin zane. Amma ba ta tashi ba.

"Malam, in ba zan takura maka ba, sake karanto wurin nan."

Na ɗauka shakka take yi. Na ce, "Inna, babu kuskure, shi ne."

"Na san shi ne," ta ce. "Tun ranar suna, da na jiyo liman ya faɗa daga waje, ba wanda ya ƙara faɗinsa a gabana. Kunyata suke ji."

Na buɗe littafin. Na bar uban, na bar garin, na bar ciwon, na kira sunan shi kaɗai, yadda ake kiran mutum ya zo cin abinci. Ta juya fuskarta wajen bango.

"Ƙara," ta ce.

Na ƙara. Na yi ta ƙarawa har sai da ta ɗaga mini hannu.

Sunan yana nan a kaina har yau, na manta na abokan aikina da yawa ban manta shi ba. Amma ba zan rubuta shi a nan ba. Wadda ta haife shi ma ba ta faɗa ba.