Totuwar Bakin Tanki

Ban taɓa shan wahalar mota irin ta makon da na gyara kafireta ba. Da na san haka za a yi, da na bar ta da tarinta.

Tsohuwar a-kori-kura ce mai shan fetur. Da ita nake kwaso albasar manoman Dalijan in kai Kalgo, inda babbar mota ke lodi zuwa kudu. Ta fara zuƙar mai tana baƙin hayaƙi, sai na kai ta wurin bakanikena a Gwandu, wanda tare muka tashi. Muka sauke kafireta, muka warware ta a faranti, ya wanke da fetur, ya hure kowace kafa da baki. Laka ce cunkus a ciki. Ya zagaya bakin tanki, ya ga totuwar masara da na naɗe da tsumma na toshe, don murfin ya daɗe da ɓata.

"Kai dai ba ka jin kunya," ya ce. "Mota ce ko goran fura? Ta nan ƙasa ke shiga."

Ya wurgar da totuwar. Na ninka leda mai kauri na rufe bakin, na ɗaure tamau da robar tsohon tub ɗin taya. Muka tayar da inji, yana silo sumul. Har na ji daɗi.

Washegari ban yi nisa da gari ba ta fara shessheƙa. Na taka totur, ta yi kamar za ta amsa, ta mutu. Na jira, ta tashi, ta ɗan ja, ta sake mutuwa. Na koma gareji. Muka canza fulogi. Muka canza matatar mai. Ya yanka sabon gaskit da kwalin sukari. Muka sake sauke kafiretar har hannuna ya san kowane noti. A gareji lafiya lau, a hanya sai ta ci amanata. Abinci ma a tsaye nake ci, ina kallon ta.

"Wagga mota ni take so," in ji bakanike. "Ka bar mini ita kawai."

Ban yi dariya ba, don albasar Kawu na jira. Ƙanen mahaifiyata ne. Manoma da yawa sun koma wa masu keken ɗaukar kaya, shi ya tsaya a kaina, har ya sa maƙwabtansa suka haɗa tasu da tasa. Albasa kuwa in ta sha rana a cikin buhu, dahuwa take yi.

Ranar lodi muka taso da hantsi, Kawu a gefena. A tsakiyar fili ta mutu, inda ko inuwar ƙaya babu.

"Mi ya same ta kuma?"

"Ina zuwa, Kawu."

"Ba kai ka ce an yi mata wankin ciki ba? Ɗan nan, da bakina na tsaya maka hwa."

Na buɗe bonet na rufe, na sake buɗewa. Ban san abin da zan taɓa ba. Na ce bari in ga ko mai ne ya zube. Na karyo kara, na kwance robar, sai tankin ya ja numfashi, fuuu. Na zura karan, mai na nan. Na ɗaure, na murza makulli, ta tashi.

Muna hango rufin Kalgo ta sake mutuwa. Zufa ta jiƙa ni, warin albasa ya fara canzawa a baya.

"Sauka ka ba ta karan nan," in ji Kawu. "Ɗazu da ka tsokane ta da shi ai ta tashi. Jaki ma haka yake."

Don dai in rufe masa baki na sauka. A nan na lura ledar ta lotsa ciki kamar kumatun tsoho. Na kwance, fuuu. Na tsaya da robar a hannu. Ko buta ka toshe mata baki, ruwa ba ya fita ta hanci yadda ya kamata. Totuwar nan ita ke bari tankin ya sha iska. Na cusa tsumma sako-sako, muka tafi, ko tari ba ta ƙara yi ba.

Mun iso ana shirin ja wa babbar motar tamfol. Mai lodi ya ce sauran wuri kaɗan, ba zai ɗauke duka ba. Kawu bai dube ni ba.

"A sa na mutane," ya ce.

Nasa buhunan muka juyo da su. Har Dalijan casbinsa kawai yake ja.

Da gari ya waye na shiga bayan rumbu na zaɓi totuwa mai kauri, na naɗe ta da tsumma, na toshe tankin. Sai na wuce gidan Kawu. Na zazzage buhunan a ƙarƙashin rumfa, na durƙusa ina tsince waɗanda suka yi laushi.