Na Karya Rantsuwa, Inna Ta Tuƙa Tuwon Kaffara

Salamu alaikum. Rabona da shafin nan tun daminar bara waccan. Masu cewa Ɗanlami direba ya haukace, da masu cewa yana gidan mari, ku gyara zama, yau mai labarin ne da kansa.

Eh, na sha tiramol. Ban zo ɓoyewa ba, ban kuma zo neman tausayi ba.

Duk wanda ya ja mota daga Birnin Gwari zuwa Kaduna lokacin da dajin nan ya yi zafi ya san abin da nake nufi. Wata rana aka buɗe wa ayarinmu wuta. Motar gabana ta kife da mutane, ni na wuce, don ba a tsayawa. Tun daga ranar, da na hango inda itatuwa suka haɗe sai ƙirjina ya hau duka, tafin hannuna ya jiƙe a kan sitiyari, numfashi ya gagara.

A tasha kowa ya san maganin wannan. Kafin lodi ya cika, a jefa ƙwaya a shayi. Ɗaya ta zama biyu, daga nan na daina ƙirgawa.

Da gida suka gane, Baffa, ƙanen mahaifina da ya riƙe mu tun rasuwarsa, ya tara dattawa a zaure. Aka sa na yi alwala, aka ɗora min Alƙur'ani.

"Ka rantse daga yau ba kai ba ita," in ji Baffa. "In ka koma, Littafin nan ya ci ka."

Na rantse har cikin zuciyata. Aka shafa fatiha, kowa ya watse yana ganin an kashe magana.

To, jiki bai san an yi rantsuwa ba. Gumi, amai, zawo, ƙasusuwa kamar ana sassaƙa su. Tsoron da na danne ya taso gaba ɗaya. Na daure 'yan kwanaki, sannan na lallaɓa bayan gari ni kaɗai, don kunya, na sha daidai yadda na saba. Ashe jikin ya riga ya sauka daga wancan ma'auni. Wani Bafulatani makiyayi ne ya tsince ni ina shure-shure, kumfa a baki.

Baffa ya ce Alƙur'ani ne ya kama ni, sai gidan mari. Inna, mahaifiyata, wadda ban taɓa jin ta musa masa ba, ta ce, "Baffan yara, ka yi haƙuri. Asibiti zan kai shi."

Ta sayar da tunkiyarta da buhun masara. Muka bi wannan hanyar ta Kaduna dai, ni a kujerar baya, kaina a cinyarta har muka fita daga dajin.

Asibitin ƙwaƙwalwa ne, a Kaduna. Aka ɗebi jini, aka gwada fitsari, aka duba hanta da ƙoda. Kati, gado, magani, komai sai an biya. Na ji tsoro ƙwarai, na zaci ɗaure ni za a yi.

Likitar mace ce. Ta saurare ni har na gama, ta ce ciwo biyu gare ni: firgicin da ya zauna min tun harin, da jikin da ya saba da ƙwaya. Za su riƙa rage ta a hankali da ma'auninsu, sannan maganin damuwa da zaman tattaunawa. Ba tuƙi. Ba haɗa ta da komai. In na zame, kada in ɓuya, kada in koma tsohon adadi, in zo in faɗa mata.

Na ce, "Likita, na karya rantsuwa sau ɗaya, kin ga abin da ya same ni. Ba zan ƙara sa ta a baki ba."

"Ni ba rantsuwa nake so ba," in ji ta. "Ranka nake so ka riƙa zuwa min da shi."

Na ƙi sha. Jikina na rawa kamar mazari, amma tsoron Littafi ya fi ƙarfin ciwon. Inna ta sa aka kira mata limamin unguwarmu a waya, ta kara min a kunne.

"Ɗanlami, ba Alƙur'ani ne ya kayar da kai ba," in ji shi. "Rantsuwa tana da kaffara. A ciyar da miskinai goma, ka sha abin da likita ta ba ka."

Na sha ina kuka.

Da aka sallame mu, Inna ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka har da nama, ta ɗauka da kanta ta kai wa 'yan gudun hijirar da suka taso daga wajen Damari. Maganina kuwa a haɓar zaninta ya zauna, kullum da safe ta kwance ta ba ni da koko.

An ɗau watanni. Na zame a tsakani, na je na faɗa, ba wanda ya zage ni. Yau na rabu da tiramol. Maganin damuwa ina sha har yanzu, a gaban kowa, a bencin tasha inda nake kamasho. Wanda abin ya dama ya kau da kai.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da likita, da liman, da makiyayin da ban ko san sunansa ba.

In kuna da mai sha a gida, kada ku rantsar da shi, kada ku ƙwace masa rana ɗaya, kada ku ɗaure shi. Ku tambaye shi me yake tsoro, ku kai shi asibiti. Kai kuma mai sha, kada ka sha a ɓoye kai kaɗai, kada ka kama sitiyari. In ka yi kwanaki ba ka sha ba, tsohon adadinka zai iya kashe ka.

Har yau Baffa ba ya amsa min sallama, wai na kunyata shi a gaban dattawa. Duk Juma'a ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, ya juya kai. Ba zan fasa ba. Gara ya ƙi amsa gaisuwata da a ce yana zaure yana karɓar gaisuwar mutuwata.