Ɗayyabu da Alkamar Korahane

Ɗayyabu ɗan makiyaya ne daga wajen Tagriss. Shekarar da fari ya cinye shanun gidansu aka kai shi lakwal, makarantar boko, a Dakoro, saboda babu abin da zai kiwata. Ya yi karatu har Yamai, ya samu aiki a wani ɗakin binciken iri.

Aikinsa tantance alkama. Yakan murƙushe ƙwaya, ya jiƙa garin da ruwan magani, ya ɗiga a kan wani abu mai kama da daskararren koko, ya saka masa kuran, wato wutar lantarki. Kafin la'asar furotin ɗin cikin ƙwayar ya rabu layi-layi, kowane iri da nasa, kamar tsagar fuska. Mahaifiyarsa Halimatu ba ta taɓa gane wannan ba. In an tambaye ta sai ta ce yana niƙa a Yamai.

Wata sallar layya ya zo gida, kawunsa Samba ya aiko kiransa Korahane. Samba yana da ɗan lambu a bakin rijiya inda yake shuka alkama da sanyi. Maƙwabcinsa Yusufu ma haka. Sun daɗe ba sa gaisawa. Samba ya ce tasa kakansa ya zo da ita daga Abzin a bayan raƙumi, ta Yusufu kuwa ta kasuwa ce. Yusufu ma yana da kaka da raƙumi.

"Tunda an ce injinku ba ya ƙarya," in ji Samba, "tafi da ita ka duba muna."

Ɗayyabu ya ɗauki tafi ɗaya daga kowanne. Ya gwada, ya sake gwadawa, don ya san kawunsa. Da ya dawo ya tara su gindin aduwa, ya nuna masu hoton a wayarsa.

"Kawu, Baba Yusufu, iri ɗaya ne. Ko layi guda bai bambanta ba."

Samba ya daɗe yana kallo. "To, ta tabbata ke nan. Ubanshi ya sace muna."

"Ni ma abin da na gani ke nan," in ji Yusufu, yana nufin uban Samba.

Ɗayyabu ya yi bayanin cewa injin bai san wanda ya riga wani ba. Suka yi masa godiya, kowa ya koma lambunsa. Ɗayyabu ya ji ba daɗi, ya daina ɗauko zancen aiki a gida.

Da kaka ɓeraye suka shiga rumbun Samba suka cinye irin. Ya saka hula ya tafi gidan Yusufu da ƙwarya.

"Na zo ɗaukar alkamata."

Yusufu ya cika masa. "Aro ne," ya ce.

Yanzu sukan gaisa, a taƙaice. Ɗayyabu yana nan Yamai, an ƙara masa girma. Ranar Juma'a Samba kan kira shi daga kasuwar Dakoro, ya tambayi lafiyar yara, sannan ya tambaya ko injin yana duba awaki.