Goyon Inna Mai Daddawa

A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, aka raba wa 'yan makaranta ƙananan tutoci suka yi ta yawo da su cikin gari, a shekarar nan ne unguwarmu ta tashi tsaye a kan wata magana da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Lokacin ina da aure da ɗa guda, ina taya mahaifina karantarwa a zaure.

Wani gandiroba ne ya kawo labarin, yana zaune ana yi masa aski. Ya ce hukuma tana shirin kwaso waɗansu daga cikin mutanen da aka yanke wa hukuncin kisa a Jos, inda wuri ya yi musu kaɗan, ta ajiye su a gidan yarin da ke kusa da mu kafin ranarsu ta zo. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma kafin la'asar, magana ta koma wai har an kafa itacen rataya a bayan masallacinmu.

Daga ranar, kowace la'asar sai an zauna gindin ceɗiya a ƙofar masallaci. Allah ya sani, na ji hujjoji iri-iri. Wani ya ce za su haura katanga su yanka mu. Wani ya ce fatalwarsu za ta hana mata zuwa rijiya. Mahaucin unguwa ya rantse ungulu za su ƙaru. Wani dattijo kuwa, mai 'yan mata a gida, ya ce babu wanda zai sake neman aure a unguwar da ake rataye mutane. Waɗannan mutanen fa su ne fursunoni ke share wa magudanar ruwa duk damina, ba su taɓa tambayar laifin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne telan unguwa, sa'ana ne, tare muka yi allo. Shi ne abin ya fi ba ni haushi a kansa, domin kowa ya san abin da ake ƙin faɗa. A ƙarshen lungunmu akwai wata tsohuwa, Inna mai daddawa muke ce mata. Ɗanta guda ya tafi haƙar kuza, faɗa ya haɗa shi da wani, ya buge shi da shebur, mutumin ya mutu. Yana cikin waɗanda ake maganar kawowa. Shi kuwa tela, uwarsa ta rasu tana cikin jegonsa, Inna ce ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da nata. A shari'a, wannan da ke jiran igiya ɗan'uwansa ne.

Inna ba ta zuwa gindin ceɗiya, amma komai yana isa kunnenta. Gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, ko kasuwa sai ta aika. Wata safiya na je sayen daddawa ta ce mini, "Malam ƙarami, ni ba cewa na yi a sake shi ba. Ya yi kisa. So nake in gan shi in ce na yafe masa, kada ya tafi da nauyina a kan wancan nauyin. In an kawo shi nan, ko da jan gindi zan isa."

Na wuce kai tsaye shagon tela. Yana taka keke, bai ɗago ba.

Na ce, "Kai, wai fatalwa kake tsoro ko me?"

Ya ce, "Ustazu, ka zo wa'azi ne ko ɗinki?"

"Nonon wa ka sha?"

Sai keken ya tsaya. Ya ce, "So kake a riƙa nuna ni ana cewa ga ɗan'uwan wanda za a rataye? Ina da 'ya'ya. Yana can nesa, mutane sun fara mantawa. Ka bar ni."

Ashe duk surutun ungulu da rijiya, shi kunya ce ke cinsa. Na faɗi haka a gindin ceɗiya, ban ambaci kowa ba. Na ce babu littafin da na karanta da ya ce mai jiran mutuwa yana ƙazantar da unguwa. Mahauci ya ce, "To a kai su zauren babanka mana, ka koya musu baƙi." Aka bushe da dariya, maganata ta bi iska.

Suka ɗunguma wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba. Bayan damina aka ji an fasa kawo fursunonin. Mutanenmu suka yi ta yi wa juna barka kamar sun ci yaƙi, ko da yake gandiroban nan ya ce ruwa ne ya rushe wani sashe na katangar gidan yarin, babu ma wanda ya saurari kukansu. Ko wanne ne, Inna aka bari da abin.

Ran nan da hantsi sai ga ta da sanda, tana tafiya tana hutawa, har ƙofar shagon tela. Ina kusa, na ji komai.

Ta ce, "Ɗan nan, na ji kun yi nasara. Barka."

Ya durƙusa a gabanta.

"Ban taɓa tambayarka komai ba tun da na yaye ka. Yau na zo karɓa. Ka hana a kawo mini shi, to kai ni."

Ya rufe shago, ga ɗinkin mutane jibge. Mahaifina ya ce in bi su, ko addu'a na yi wa yaron. Muka hau babbar mota a saman buhunan gyaɗa, Inna na rungume da ƙullin daddawa da garin kuka da ta ce ko za a yarda a ba shi. Da muka sauka a tashar Jos, ƙafafunta sun sandare, ko miƙewa ta kasa. Na juya neman mai amalanke. Kafin in dawo, tela ya tsuguna ya ɗora ta a bayansa. Mutumin da ke gudun a nuna shi, shi ne ya ratsa tsakiyar kasuwa da tsohuwa a goye, yana tambayar kowa hanyar kurkuku.

Aka bar mu muka gan shi ta bayan ƙarfe. Ya rame ƙwarai. Inna ta faɗi abin da ya kawo ta, ta maimaita, shi yana kuka. Sannan ya dubi tela ya ce, "Yaya, ka zo?" Tela ya ce, "Na zo." Daddawar dai ba a karɓa ba.

A hanyar komawa tasha ya sake goya ta. Ina biye da su da ƙullin, na ji ta dafa kansa ta ce, "Kai dai da nauyi kake kana jariri, ga cizo." Ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Sauke ni a inuwar can in huta. Ka biya, ba na binka komai."